Mai Kira a Cikin Tabarau

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Cadawa da safe ya san Lantana mai ƙosai, kuma ya san bakinta ba ya hutu. Tana juya ƙosai tana tsokanar 'yan kabu-kabu, tana sa-in-sa da direbobi, tana kiran kowa da sunansa, har da na kakansa in ya ɓata mata rai. Suna ɗaya ne kawai bai taɓa fita daga bakin nan ba, shi ne na ɗanta na fari. Ranar suna liman ya ce Zaharaddini, ita kuwa tana ƙuryar ɗaki ta rufe kai da zane, yadda kowace 'yar mutunci take yi. Da aka yaye shi, uwar mijinta Iya Saudatu ta kwashe shi zuwa ɗakinta, ya zama ɗan Iya. In Lantana za ta aike shi sai ta ce “kai”. In za ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”. Shi kuma ya tashi yana ce mata Yaya, kamar yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar, haka uwarta ta yi mata ita ma.

A shekarar da ƙasa ta rikice da maganar zaɓe, an gama zagaye na farko ana jiran na biyu, wata motar 'yan siyasa ta shigo gari da lasifika tana watsa riguna masu hoto. Yara suka bi ta a guje. Zaharaddini, wanda bai wuce shekara bakwai ba, yana gudu idonsa na sama yana bin wata riga da iska ta ɗauka, ya yi karo da murhun uwarsa. Kaskon ya kife. Tafasasshen mai ya bi ƙafarsa ta hagu tun daga cinya har bayan gwiwa.

Lantana ta miƙe tsaye da matsami a hannu, ta kasa ɗaga ƙafa. Rabo ɗan kabu-kabu ne ya suri yaron. Bayan haka mata suka yi ta yaba mata, wai Lantana akwai kawaici, ɗanta na fari yana birgima a gabanta ko taɓa shi ba ta yi ba. Ita kaɗai ta san ba kawaici ba ne, firgita ce ta kafe ta. Wannan yabo ya fi zagi yi mata ciwo, amma wa za ta gaya wa?

Aka kai shi wata 'yar likita, ƙaramin asibiti da ke gefen Agiye, inda ake kwantar da yara. Mai kula da masu ƙuna wata doguwar mace ce, Madam Samira, mai magana a hankali da saurin hannu. Ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce ƙunar bayan gwiwa muguwa ce, sai an riƙa wanke ta ana miƙar da ƙafar bayan kowane kwana biyu. In aka bari ta warke yadda ta ga dama, fatar za ta haɗe a lanƙwashe, yaro ya tashi da sanda har tsufansa. Uban yaron, Nomau, yana cin rani a Najeriya. Aka same shi ta salula, ya ce duk abin da Iya ta yanke shi ke nan.

Sai aka raba aiki yadda ya kamata a raba shi. Iya ce ke shiga ɗakin wanki da jikanta. Lantana kuwa tana waje gindin itacen bedi, ita ce dafa abinci, ita ce wankin kaya, ita ce amsa sannu da fuskar da ba ta nuna komai. Ranar wankin ciwo ihun yaron yakan cika likitar har masu jiran awo su toshe kunne. Lantana tana zaune tana tsince wake, kai ka ce ɗan maƙwabta ake wa. A ciki kuwa kowace ƙara sai ta ji ta a bayan tata gwiwar. Abin mamaki, da wannan ihu take samun labari. In ya fito da ƙarfi, ta ce yau da sauran ƙarfinsa. In ya dusashe, ta san ya galabaita. Tun da ba ta shiga, ba ta tambaya, kukan nan shi ne rediyonta.

Iya kuwa haƙurinta ya fara ƙarewa. Takan fito tana share ido da gefen mayafi tana cewa, “Wanga ba magani ba ne, yanka ne. Mu da munka tashi, gashin zomo aka sa ma ƙuna, kuma ga mu da ƙahwahunmu.”

Wata safiya Lantana ta tafi kasuwa neman kuka da daddawa, ta daɗe saboda an tare titi ana taron siyasa. Ta dawo ta tarar ƙofar ɗakin wanki a rufe, takalman Iya a bakin ƙofa, injin wuta yana ta ruri a bayan gini. An fara ke nan. Ta zauna, ta jawo faranti, ta kasa kunne.

Shiru.

Ta ce ko ba su kai ga kwance ɗaurin ba. Ta jira. Ta ji ƙarar almakashi a kan faranti na ƙarfe, ta ji an zuba ruwa, duk abubuwan da ihu ke biyo bayansu. Ba ihu. Waken da ke hannunta ya zube ƙasa. Yaron da ake ɗaye wa fata bai yi kuka ba, ai ya bar duniyar masu jin zafi. Ta tashi ba ta san ta tashi ba. Ƙofa ba tata ba ce, mutane na kallo, don haka ta zagaya ta bayan gini, ta wuce injin, ta tsaya jikin 'yar tagar da ke daidai kan gadon, ta leƙa ta tsakanin ƙarafa.

Abin da ta gani bai shiga kanta ba. Ga shi kwance, kansa dab da taga, an ɗaura masa wani baƙin abu kamar ƙaramin akwati a kan idanu. Bakinsa a buɗe. Hannunsa ɗaya yana tashi a hankali yana lalube cikin iska. Can ƙarshen gado Iya ta riƙe lafiyayyar ƙafar, ta runtse ido tana jan carbi. Madam Samira ta sunkuya, baki da hanci a rufe da ƙyalle, tana aikinta a kan jan nama. Lantana ta ce shi ke nan, haka suke rufe idon mai tafiya a likita, wannan hannun kuma na ban kwana ne. Kuma zai tafi bai taɓa jin ta kira shi ba.

Ta manna bakinta da ƙarfen taga. Sunan ya fito da ƙyar, ƙasa-ƙasa, kamar ta ɗauko kayan wani ba izini.

“Zaharaddini.”

“Na'am?” in ji yaron.

Bai juyo wajenta ba, sama ya ɗaga kai yana waige-waige da akwatin a fuska.

“Wa ke nan?” ya ce.

Ta ce cikin raɗa, “Kana lahiya?”

“Ina cikin ruwa,” ya ce. “Ga kihi nan, ja da ɗorawa. Ga wani ƙato!”

Lantana ta dubi gadon, busasshe ƙayau. Ta dubi Iya, wadda kunnenta dama ya yi nauyi, ba ta ko motsa ba. Madam ma ba ta ɗago ba, ƙugin injin ya cinye komai. Lantana ta koma gindin bedi da sassarfa, ta shiga tsince waken da ta zubar.

Da yamma aka yi mata bayani, in ana kiran wannan bayani. Madam Samira ta ce tabarau ne wani proje na masu ba da agaji ya kawo. In yaro ya sa, sai ya ga kamar yana wani wuri, duk inda ya juya kai abin na nan, hankalinsa ya tafi can, zafin ya ragu. Ba ya ɗauke zafin duka, kuma ba ya maye gurbin maganin da ake ba shi, taimako ne kawai.

“Hankalinshi ya tahi ina?” in ji Iya. “Wa ka maido shi?”

“Da an cire ya dawo, Iya.”

Lantana, wadda ba ta saba sa baki a maganar wancan ba, ta yi kamar da wasa take tambaya. “To Madam, ruwan hwa, ina aka zuba shi?”

“Babu ruwa. Hoto ne.”

“Hoto ne shika riƙe numfashi kamar mai nutso?”

Madam ta yi dariya ta miƙo mata abin a kashe. Lantana ta leƙa da ido ɗaya, daga nesa. Ba ta ga komai ba sai gilasai biyu masu duhu da inuwar idonta. Ta girgiza shi kusa da kunne, ko ɗigo bai yi motsi ba. Da ta zo wanke rigar yaron sai da ta shinshina ta a ɓoye ko za ta ji ƙarnin kifi. Warin magani kawai ta ji. Ta bar maganar a nan, tun da dai ƙafar tana samun wanki, kuma Iya ta daina zancen gashin zomo.

Amma wanda ya ɗanɗana zuma ba ya manta hanyar amya. Ranar wanki na gaba, da aka rufe ƙofa, Lantana ta ɗauki buta kamar mai zuwa bayan gida, ta zagaya. Ta kira shi, ya amsa. Wannan karon ta ƙara da “sannu”. Karo na gaba ta ce, “Sannu ɗana, kar ka ji tsoro, ina nan.” In Madam ta zo wurin da ya fi zafi ya fara cije leɓe, sai ta ce ya gaya mata kifin da ya fi kyau, ya shiga lissafi har a wuce wurin. Duk abin da ta haɗiye tun ranar da ta haife shi, ta tsakanin ƙarafan nan ta riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan. Idonsa a rufe yake, ba mai ganinta, kunya kuwa da ido take aiki. Shi kuma bai gane ta ba, kuma ba laifinsa ba ne. Muryar Yaya da ya sani ita ce ta bakin titi, mai cewa “kai, kauce min nan”. Wannan mai laushin bai taɓa jin ta ba.

Lantana ba ta taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba, ita da ke jinyar ɗa a likita. Har kunyar kanta take ji.

Asiri ya tonu ne a kan kwanon tuwo. Suna zaune a baranda da sauran masu jinya, Iya tana tsokanar jikanta yadda ta saba. “Maigida, ka samu kihi ka manta da ni ko? Kullum sai ɗokin tabarau.”

“Ba don kihi ba ne,” in ji Zaharaddini da tuwo a baki. “Don matar nan ne.”

“Wace mata?”

“Ta cikin ruwan. Tana kiran sunana. Ta ce ni ɗanta ne.”

Iya ta ajiye lomar da ta ɗauko. Ta sa ya maimaita da ƙarfi kusa da kunnenta mai ji. Ya maimaita. Wata tsohuwa daga Gazawa da ke jinyar jikarta ta ce, “La'ilaha illallahu,” ta jawo yarinyar jikinta. Ba sai an faɗa ba, kowa a wurin ya san wace irin mace ce ke zama a ƙarƙashin ruwa tana kiran yara da sunansu, kuma kowa ya san wanda ya amsa mata ba ya daɗewa a tudu.

“Ka amsa?” in ji Iya.

“Kullum.”

Iya ta ɗora hannu biyu a ka. Lantana kuwa tana gefe tana kankare tukunyar da ta riga ta fita tas.

Aka kira Madam Samira. Ta ce babu wata mata a ciki, kifi ne da kunkuru da ɗan kiɗa. Don ta kwantar musu da hankali ta ɗaura tabaran a fuskarta a tsakiyar baranda, ta shiga juyi a hankali da farar rigarta, hannuwa a miƙe, tana leƙa sama tana leƙa ƙasa, tana neman mace a bayan duwatsu. Wani mai karyayyen hannu ya fashe da dariya, aka harare shi. Ta cire ta ce ba ta ga kowa ba. Ta kira mutumin proje ta salula, suka yi Faransanci mai tsawo, ta kashe ta ce ya tabbatar babu muryar mutum a ciki, balle Hausa, balle sunan wani yaro na Cadawa.

Ta yi zaton ta gyara. Ashe ta ƙara ɓatawa.

“Kun ji ko?” in ji Iya. “Ko masu abin ba su san da ita ba. Da kanta ta shiga.”

“Iya, yara suna da ƙirƙira…”

“Ƙirƙira? Ni Maigida nike ce mishi. Ke ɗan saurayi kike ce mishi. Uwa tai ga ta nan, ba ta taɓa hwaɗin sunan ba, Allah shi yi mata albarka. To wa ya san shi a Agiye da za ya kira shi da cikakken suna?”

Matan suka yi wa yaron caa da tambaya. Yaya take? Fara ce? Tana da gashi? Da farko ya ce bai gan ta ba, tana bayan ƙaton kunkurun nan ne. Da ya ga duk ido na kansa, sai abin ya fara yi masa daɗi. Ya ce fara ce. Ya ce gashinta har ƙasa. Ya ce yana jin kamar ya ga jelarta sau ɗaya.

Nan ne kan Lantana ya ƙarasa kwancewa. Ita baƙa ce, gashinta kuwa ko kitso da ƙyar yake kamawa. Jela kuma? Ta san ita ce mai kira, da bakinta ta yi, har tsatsar taga ta taɓa shafar leɓenta. To amma ruwan ma ai ta san babu shi, ga shi yaro yana ganinsa. In akwai ruwan da ba ya jiƙa riga, me zai hana a samu macen da ba a gani? Ko dai tana magana a taga, wata a ciki tana karɓe maganar tana miƙa masa a matsayin tata? Ta tsinci kanta tana jin haushin wannan mata, wadda ta san babu ita, da ta zo ta kwashe mata ɗa da 'yan kalmomin da ita ta sha wuya kafin ta furta.

Ta yi niyyar ta daina zuwa taga, matar ta ɓace don kanta, magana ta mutu. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Iya ta rantse ba za a sake ɗora wa jikanta wannan abu ba.

Wankin da ya biyo baya ba tabarau aka yi shi. Ihun ya dawo, ya fi na da, don yanzu yaron ya san akwai sauƙi an hana shi. Ya yi ta fizge-fizge yana kiran a kawo masa matar, har ya ture farantin ƙarfe, wurin da ya fara haɗewa ya sake tsagewa. Madam Samira ta ɗaure ƙafar ba ta gama ba, ta fito tana gumi. Iya ta fito bayanta ta ce magana ta ƙare. Da tabarau aljana, ba tabarau yanka. Gobe za su gida, a nemi malam a yi masa tofi, a sa gashin zomo.

Madam ta roƙe ta, ta nuna mata da hannu yadda ƙafar za ta lanƙwashe. Iya ta ce gara gurgu a gida da mai ƙafa biyu a ƙarƙashin ruwa. Aka kira Nomau, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, a bi Iya.

Lantana ta gwada ta gefe. Suna naɗe tabarmi ta ce, “Iya, ko dai wani ne daga waje ka magana, yaro ya ɗauka ciki ne?”

“Wa?”

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce ta rage. Lantana ta dubi fuskar tsohuwar da ta yi shekaru tana yabonta a gaban dangi, tana cewa a duk surukanta ba mai kunyar Lantana. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da naɗe tabarma.

“Oho,” ta ce. “Na dai ce ko.”

Gaba kura, baya sayaki. In ta yi shiru, ƙafar ta tafi. In ta yi magana, ta tsaya tsirara a gaban uwar miji da matan garuruwa uku, kuma kafin ta isa Cadawa labari ya riga ta.

Da hantsi Rabo ya iso da babur ɗinsa, ya ɗaura tutar wata jam'iyya a gaba, ta abokiyar hamayyarta a baya, don ya ce bai san wanda zai ci ba kuma shi da kowa yake ɗauka. Aka fito da ƙunshin kaya. Masu jinya suka taru a baranda yin sallama. Madam Samira tana tsaye a ƙofar ɗakin wanki da tabaran a hannu. Zaharaddini yana zaune a kan benci, ƙafar a ɗaure, ta riga ta ɗan lanƙwashe don haka ya fi jin daɗin ajiye ta. Yana kuka a hankali, ba na zafi ba.

“Ban yi mata sallama ba,” yake cewa. “Za ta neme ni ba ta gan ni ba.”

Lantana tana bayansa da tukunya a ka. Ta dubi wannan lanƙwasa ta gwiwa. Ta ga sanda, ta ga yara suna gudu sun bar shi a baya, ta gan shi babba yana jan ƙafa a gona. Rabo ya sunkuya zai ɗauke shi, kamar yadda ya ɗauke shi ranar da ita ta kasa.

Ta sauke tukunyar. Ba ta ɗaga murya ba, da ƙaramar nan ta taga ta yi, sai dai yau an kashe injin, ba abin da zai rufa mata asiri.

“Zaharaddini.”

Yaron ya daina kuka. Ya kai hannu ya shafa fuskarsa, ya ji ba komai a kanta. Ya dubi tabaran da ke hannun Madam, ya dubi sama, ya dubi ƙarƙashin benci. Sannan ya runtse ido da ƙarfi.

“Na'am?” ya ce.

“Sannu ɗana. Kar ka ji tsoro, ina nan.”

Tsohuwar Gazawa ta kama baki. Rabo ya miƙe ya shiga gyaran madubin babur da ba abin da ya same shi. Madam Samira ta dubi Lantana, ta juya ta dubi 'yar tagar da ke can cikin ɗaki daidai kan gado, ta ce “Ikon Allah” a hankali. Lantana ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa. Ta so ƙasa ta tsage, ƙasa ta ƙi. Ta tsaya tana jiran abin da zai fito daga bakin Iya.

Iya ta ji. Kunnenta mai ji ne ke wajen, kuma fuskarta ta nuna. Ta daɗe tana kallon surukarta, daga ɗankwali har silifa, kamar yau ta fara ganinta. Sannan ta juya baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tsuguna ta fara kwance ƙunshin da ta ɗaure da asuba.

“Ni kunnena ya mutu tuni, ban ji komi ba,” ta ce wa ƙunshin. “Rabo, tahi abinka, sai mun neme ka. Madam, aljanar tamu ta gida ce, mai warin man ƙosai. A sa mishi abin.” Ta ci gaba da fama da ƙulli. “Bayana na ciwo yau. Wani shi shiga da shi.”

Ba wani a wurin sai mutum ɗaya. Lantana ta zagayo gaban bencin, ta sunkuya, ta sa hannu ɗaya a bayansa ɗaya a ƙarƙashin cinyarsa mai lafiya. Rabonta da ɗaukarsa tun ranar yaye. Ya fi yadda take zato nauyi, kuma kansa yana warin rana da magani. Hawaye suka zubo mata a gaban kowa, ta bar su, don hannuwanta duka biyu suna da aiki.

Sai a bakin ƙofa ya buɗe ido. Ya dube ta kusa-kusa, yana neman farar fata da dogon gashi bai samu ba, sai fuskar da ya sani tun da ya san kansa. Ba fushi a muryarsa, ba zargi, mamaki ne kawai irin na yaro.

“Yaya,” ya ce, “ashe kin san sunana?”